Ƙwayar da Madubin Likita Ya Tono, Wadda Ta Sa Aka Tashi Gari a Ƙasar Zazzau

A 1674 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya duba ɗigon ruwan tafki da gilashin da ya haɗa da hannunsa, sai ya ga halittu suna ta iyo a ciki. Shi ba likita ba ne, sha'awa ce kawai ta ja shi. Masanan Landan sun yi ta tababa, sai da Robert Hooke ya gani da idonsa a 1677.

Amma gani daban, sanin abin da aka gani daban. A 1901 a Gambiya, Dakta Robert Forde ya ga wasu abubuwa suna wutsil-wutsil cikin jinin wani matuƙin jirgin ruwa mai zazzaɓi, ya rasa ko mene ne. Joseph Dutton ne ya gane su ta siffarsu, masu tsawo da ɗan jela, ya raɗa musu suna Trypanosoma gambiense a 1902. A 1903, binciken Aldo Castellani da David Bruce a Yuganda ya nuna irin wannan ƙwaya ce ke kawo ciwon barci, kuma ƙudan tsando ke yaɗa ta. Danginta ne ke sa wa shanu sammore.

Wannan sani ya yi rana a ƙasar Zazzau a shekarun 1930, lokacin da cutar ta yi ƙamari. Ma'aikatan lafiya suka riƙa bin ƙauyuka da madubin likita. Sai a tara jama'a, a shafa wuyan kowa. Wanda aka ji masa kaluluwa, a soka allura a zuƙo ruwanta, a ɗiga kan gilashi. In an ga ƙwayar tana motsi, sai a fara masa allurai.

Magani kaɗai bai isa ba, domin wanda ya warke rafi zai koma ɗiban ruwa, inda tsando ke fakewa a inuwar kurmi. Don haka a zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya hau gadon sarauta a Birnin Zariya a 1937, aka gudanar da wani shiri da ake kira Shirin Anchau ƙarƙashin masanin ƙwari Dakta T. A. M. Nash. An sare kurmin bakin rafuka a fili mai faɗin kimanin murabba'in mil 700, aka haƙa rijiyoyin siminti, aka tashi mutane wajen 5,000 zuwa sababbin matsugunai, ciki har da sabon garin Takalafiya.

Binciken cutar ya ci gaba a cibiyar da aka kafa a Kaduna a 1947, wadda yau ake kira NITR. Tun daga 2018, masu ciwon barci da ake kai rahotonsu ga Hukumar Lafiya ta Duniya ba sa kai 1,000 a shekara a duk duniya.