Ramin ISA da muryoyin tsofaffi

A 1981 IBM ta fitar da kwamfuta mai wani rami a ciki, wanda daga baya aka kira ISA. Nan ake cusa katin da ke haɗa ta da na'urar awo. Mu masu auna karin sauti da tsawon wasali, magabatanmu da shi suka yi aiki. Wajejen 2000 aka daina sa ramin. Na'ura lafiya lau, amma sabuwar kwamfuta ba ta jin yarenta. Dole a lallaɓa tsohuwar: a sake batir, a cire kondansatan da suka kumbura. Disket ma, Sony ta daina yi a 2011. Ni dai damuwata awon muryoyin tsofaffi da ke kansu. Wanda ya rasu ba ya sake maimaita maka kalma.