Tarihin Gyaran Ƙwayoyin Gado: Saƙo da Ɗan Aike

Kowane ɗan Adam yana ɗauke da wani rubutu da ya gada daga uwa da uba, a ajiye cikin ƙwayoyin jikinsa. Masana suna kiran sa DNA, masu Faransanci kuma ADN, kowane sashe nasa da ke ba da umarni guda shi ne ƙwayar gado. Idan kuskure ya shiga sashe ɗaya, sai a haifi yaro da cutar da magani ba ya tumɓuke ta, kamar amosanin jini, wato sikila, wanda iyalai da yawa a ƙasarmu suka san zafinsa.

A shekarar 1972 masana biyu, Theodore Friedmann da Richard Roblin, suka yi rubutu a mujallar Science cewa wata rana za a iya shigar da lafiyayyar ƙwayar gado cikin jikin majinyaci, amma suka yi gargaɗi kada a yi gaggawa. Tun daga lokacin, babbar matsalar ita ce ɗan aike. Ƙwayar jiki tamkar birni ce mai ganuwa, ba ta buɗe ƙofa ga baƙo. To, Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari. Sai masana suka waiwayi birus, ƙwayar cutar da sana'arta ke nan kutsawa ciki ta sauke kayanta. Suka cire mata sassan da ke haddasa cuta, suka ɗora mata saƙon magani.

Ranar 14 ga Satumba 1990, a Bethesda ta ƙasar Amurka, aka yi gwajin farko da hukuma ta amince da shi. Ashanti DeSilva, yarinya ƴar shekara 4, an haife ta da raunin garkuwar jiki. Aka ɗebi fararen ƙwayoyin jininta, aka shigar musu da gyaran a ɗakin bincike, aka mayar mata. Ta rayu, ko da yake ta ci gaba da karɓar maganinta na da.

Nasarar ta sa zumuɗi, sauri kuwa ya haifi nawa. A Satumban 1999, a Jami'ar Pennsylvania, aka yi wa Jesse Gelsinger, saurayi ɗan shekara 18, allurar wani birus mai suna adeno domin gyara cutar hanta. Garkuwar jikinsa ta yi wa ɗan aiken mummunar tarba, bayan kwana 4 ya rasu. A shekarar 2000 kuma Alain Fischer da Marina Cavazzana na asibitin Necker da ke Paris suka ba da labarin warkar da jariran da aka haifa ba garkuwa. Daga 2002 wasu cikin yaran suka kamu da sankarar jini, ɗaya ya rasu, domin birus ɗin ya sauke saƙon kusa da wata ƙwayar gado mai tayar da sankara.

Waɗannan rashe-rashe biyu su ne suka tilasta a sake ɗan aike. Aka horar da ƙwayar cutar sida kanta, bayan an kwance mata makamai, ta zama abin ɗaukar saƙo mafi aminci. Da ita aka yi wa wani yaro ɗan shekara 13 mai sikila magani a Necker a 2014. Aka kuma ƙirƙiro ƴan ƙananan ƙunshin kitse waɗanda ba birus a cikinsu, irin waɗanda suka ɗauki wasu alluran rigakafin korona a 2020.

A 2012 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana dabarar CRISPR, almakashin da ke yanka rubutun gado a daidai inda ake so, aka ba su kyautar Nobel a 2020. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila na wannan dabara. Ana ɗebo ƙwayoyin da ɓargo ke haifar da jini da su, a buɗe ganuwarsu da ɗan bugun lantarki, a shigar da almakashin, domin jiki ya koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki. Kafin a mayar da su, sai an share tsohon ɓargo da magani mai tsanani.

Kuɗin da aka sanya masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, alhali mafi yawan yaran da ake haifa da sikila a Afirka suke. Saboda haka masu bincike suka duƙufa neman ɗan aiken da za a aika da allura ɗaya har cikin ɓargo, ba tare da babban asibiti ba. Kafin wannan ya tabbata, abin da ke hannun malamai da ƙungiyoyinmu shi ne wayar da kai game da gwajin jini kafin aure, da kai yaro asibiti da wuri.