Kufai da Dokar Tono a Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta kafu ne wajen shekarar 1750 a hannun Mangawa. Fadarta ta zauna a Tumbi, wadda yanzu ke cikin Jamhuriyar Nijar, kafin a dawo da ita Gumel a zamanin Sarki Ɗan Tanoma. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa garin a 1851, ya kuma bayyana shi a matsayin babbar kasuwar kanwa. Daga baya Damagaram ta kawo yaƙi, sannan Turawan Ingila suka iso a 1903. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya tashi wasu garuruwa ya kafa wasu. Wannan ne ya sa ƙasarmu take da kufai masu yawa.

Tarihin sarakuna yana bakin maroƙa da takardun Turawa. Amma tarihin talaka, wato abin da ya ci, da irin ɗakin da ya kwana, da wanda ya yi ciniki da shi, yana ƙarƙashin kufai ne. A ƙasar rairayi irin tamu, inda akasarin gidajen da na kara da zana ne, abin da gida yake bari bai wuce toka, da ramin dirka, da tsingaro, da dutsen niƙa, da kashin maƙera, da tsohon juji ba. Katafila tana share wannan duka cikin awa guda, matuƙinta bai ma san ya taɓa wani abu ba.

Ya kamata malamai su fahimtar da ɗalibai cewa darajar abin da aka tono tana ga inda aka same shi. Ƙasar kufai hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama. Saboda haka masanin tono yakan fara auna fili ya zana taswirarsa, ya raba shi gida-gida, sannan ya riƙa kankare ƙasa kaɗan-kaɗan yana tacewa da rariya. Duk abin da ya fito sai an ɗauki hotonsa, an rubuta zurfinsa, an ba shi lamba. Gawayin murhu kuwa akan kai shi ɗakin gwaji don a gano shekarunsa. Daga ƙarshe sai a rubuta rahoto, a ajiye kayan a gidan tarihi. Tono sau ɗaya ake yinsa, domin mai tono yana rushe abin da yake karantawa. Tun ran gini, ran zane.

Ta fuskar doka, Nijeriya ba a baya take ba. An yi dokar kayan tarihi a 1953, aka ƙara wata a 1974 da ta hana cinikinsu barkatai. Sai Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Dokar ta haramta tono don neman kayan tarihi sai da takardar izinin Hukumar da kuma amincewar gwamnatin jiha. Wanda kuma ya ci karo da irin waɗannan kaya yana cikin wani aiki, wajibi ne ya sanar da Hukumar da sakataren ƙaramar hukumarsa cikin kwana bakwai.

To, ina gizo ke saƙa? A shekarun da na yi ina aikin gwamnati, na lura cewa ba masu neman kayan tarihi ne suka fi tona ƙasarmu ba. Masu tonon su ne 'yan kwangilar hanya, da masu ɗibar ƙasar gini, da masu share manyan gonaki da filayen masana'antu. Dokar 1979 tana jiran su tsinci abu ne su kawo rahoto, alhali kawo rahoton na iya tsayar musu da aiki. A Ingila, tun 1990 aka ɗora wa mai gini nauyin biyan masana su binciki fili kafin ya fara aiki. Daga nan ne kamfanonin tono na kuɗi suka bunƙasa, aka kuma shimfiɗa musu ƙa'idoji don kada gaggawar mai biya ta ɓata aiki. Mu ma muna da Doka ta 86 ta 1992, wadda ta wajabta nazarin muhalli kafin manyan ayyuka. Abin da ya rage shi ne a sa binciken kufai ya zama sharaɗi a cikin wannan nazari.

Maƙwabta sun nuna mana amfanin tono bisa ƙa'ida. A Durɓi ta Kusheyi, ƙasar Katsina, aikin da aka yi a 1992 ya fito da kayan zinariya da tagulla waɗanda suka tabbatar da daɗaɗɗen ciniki da ƙasashen nesa. A Kufan Kanawa kuma, ƙasar Damagaram, masaniya Anne Haour ta yi nazarin tsingaron tukwane don gano zamanin mazauna wurin. Akasin haka shi ne abin da ya faru a ƙasar Nok a shekarun 1990, inda 'yan kasuwa suka kwashe gumaka, suka bar ramuka marasa labari.

Shawarata ita ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Hakimai da dagatai su tattara sunayen kufan da ke ƙasarsu daga bakin dattawa tun suna raye. Malamai su fita da ɗalibai su rubuta inda kowane yake, ba tare da an tona ko an ɗauki komai ba. A miƙa wannan rajista ga masarauta da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha, don a riƙa duba ta kafin a ba da fili ko kwangila. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu bar wa na baya abin da magabata suka bar mana, amin.