Tarihin Saɓanin Tsarin Talabijin Tsakanin Katsina da Maraɗi

Tafiyar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ba ta kai kilomita 100 ba, harshe ɗaya ne, kasuwa ma kusan ɗaya. Duk da haka an yi shekaru akwatin talabijin da aka saya domin Katsina ba ya nuna shirin Nijar yadda ya kamata. Asalin wannan saɓani a Turai yake, kuma saninsa zai taimaka wa ɗalibi ya fahimci damuwar da masu sayen talabijin na zamani ke ciki game da kafofin jona waya.

Talabijin ya fara a Nijeriya ne a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, ya iso Kaduna a 1962. A Nijar kuwa ya shigo a 1964 a matsayin talabijin na makaranta, kafin daga baya a sami Télé Sahel. Da hoto mai kala ya zo, sai duniya ta rabu uku. Amurka ta riga ta tsaya kan tsarin NTSC tun 1953. A Jamus, Walter Bruch na kamfanin Telefunken ya fito da PAL, a Faransa kuma Henri de France ya fito da SECAM, duka biyun suka hau iska a 1967. Nijeriya ta bi Ingila da Jamus ta ɗauki PAL, inda tashar Binuwai-Filato da ke Jos ta fara gwada kala a 1975. Nijar ta bi Faransa ta ɗauki SECAM. Ke nan iyakar da Turawan mulkin mallaka suka shata a ƙasa ta sake bayyana a cikin akwati.

Abin da mai kallo yake gani shi ne hoto baƙi da fari, domin kowane tsari da yadda yake ɗora launi. Murya ma takan ɓace, saboda tazarar da ke tsakanin zangon hoto da na sauti megahaz 5.5 ce a tsarin Nijeriya, a na Nijar kuwa 6.5. Ba gwamnati ce ta warware wannan ba. Masu gyaran rediyo da talabijin ne suka riƙa sauya ɗan ƙaramin abin da ke tace sauti, sannan kamfanonin Japan suka cika kasuwa da akwatuna masu karɓar kowane tsari. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a kan kaset bayan fitowar Turmin Danya a 1990, irin waɗannan akwatuna ne suka sa ɗan Maraɗi ya kalli fim ɗin Kano da kalarsa.

Bayan rikicin iska sai na waya ya biyo. Bidiyo da na'urar faifai da aka saba da su a ƙasar Hausa suna amfani da waya mai kai uku, rawaya domin hoto, ja da fari domin sauti. Talabijin na gwanjo da ke shigowa daga Turai ta Kwatano kuwa yakan zo da wata faffaɗar kafa mai haƙora 21, wato SCART, wadda Faransa ta wajabta wa masu ƙera talabijin tun 1980. Dole mai saye ya nemi ɗan abin haɗi kafin ya ga komai.

Hoto mai tsananin kaifi ya sake ta da tsohuwar rigimar. A 1999 masu harkar kwamfuta suka fito da DVI, wadda ke ɗaukar hoto amma ba ta ɗaukar murya. A Disamba 2002 kamfanoni bakwai, ciki har da Sony da Toshiba da Philips da Hitachi, suka fitar da HDMI, waya ɗaya mai ɗaukar duka biyun. Abin da ya ba ta ƙarfi ba sauƙi kaɗai ba ne. Kamfanonin fim na Amurka suna son kullen HDCP na kamfanin Intel, wanda ke hana kwafar hoto a kan hanyarsa daga na'ura zuwa allo, kuma wannan kulle ba ya aiki a tsofaffin wayoyi. Waɗanda suka yi gaggawar sayen allon farko da tsada suka shiga fargabar cewa sababbin na'urori ba za su yarda da shi ba. Wannan ne ya sa a 2005 masana'antun Turai suka ƙirƙiro tambarin HD Ready, wanda ba a liƙa shi sai allo yana da HDMI ko DVI mai wannan kulle. A ƙarshe HDMI ta yi rinjaye a talabijin, DVI ta koma gefe.

A Yunin 2006 ƙasashen Afirka da Turai suka sa hannu a Janeba cewa za a bar tsohon tsarin watsa shirye-shirye zuwa na dijital kafin 17 ga Yuni 2015. Nijeriya ta sa wa kanta wa'adin 2012, ya wuce, na 2015 ma ya wuce. Sai ranar 30 ga Afrilu 2016 aka buɗe gwajin farko, kuma a Jos ɗin da kala ta fara. Kaduna ta biyo a 2017, Kano a 2021. A wannan karo Nijeriya da Nijar sun haɗu a kan tsari guda, DVB-T2, abin da ya kawar da dalilin tsohon saɓanin Katsina da Maraɗi.

Sai dai nauyin sauyin ya sauka kan magidanci kamar kullum. Tsohon talabijin mai ƙeya ba ya kama dijital sai da dikoda, shi ya sa yawancin dikodojin da ake sayarwa suke zuwa da kafa biyu, HDMI domin filasma da tsohuwar mai kai uku domin wanda bai sauya ba. Wanda ya sayi filasmar gwanjo a Titin Beirut na Kano ma bai tsira ba, domin da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera wa Turai a shekarun 2000 tsarin DVB-T na farko ne a cikinsu, kuma ba ya karanta DVB-T2. Allon na iya zama lafiya ƙalau, amma sai an saya masa dikoda da waya kafin ya nuna labaran ƙarfe tara na NTA ta tsarin dijital.