Windows da Linux a kan kwamfuta ɗaya

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana iya ɗaukar manhajar gudanarwa biyu, kowace a nata ɓangaren na faifan ajiya. Idan aka kunna ta, wata ƙaramar manhaja mai suna GRUB takan nuna jerin sunaye, mai ita ya zaɓi wadda zai shiga. Ba sa aiki lokaci guda. Sai an sake kunna kwamfutar kafin a koma ɗayar.

Buƙatar hakan ta ƙaru tun da Microsoft ya dakatar da tallafin da ya saba ba Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo da dama ba su da shi. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce. Nau'inta da ya fi dacewa da ɗan koyo shi ne Ubuntu na kamfanin Canonical, musamman mai alamar LTS, da ke samun gyaran tsaro har shekara 5.

Haɗarin aikin yana wurin raba faifai, don haka a fara kwashe takardu da hotuna zuwa wani ma'aji na waje. Idan BitLocker ya kulle faifan, a rubuta lambobin buɗe shi guda 48 a takarda, domin Windows na iya neman su bayan an gama, kuma in babu su ba a shiga. A kashe «Démarrage rapide», sannan a shiga «Gestion des disques» a rage wa Windows fili. Ubuntu na buƙatar aƙalla 25 GB, amma mai son ajiye kaya ya ninka. Batir ya kasance cike, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki na iya lalata faifan.

Daga nan a sa Ubuntu a kan filashi da manhajar Rufus, a kunna kwamfuta daga gare shi: F9 a HP, F12 a Dell. Wurin girkawa akwai zaɓi biyu kusa da juna. Ɗaya na ajiye Ubuntu a gefen Windows. Ɗayan, «Effacer le disque», yana share komai. A nan ya kamata a tsaya a karanta sau biyu. A kuma zaɓi AZERTY in madannan na Faransanci ne, kada kalmar sirri ta rikice.

Sai batun agogo. Linux na ajiye lokacin Girinwic a agogon na'ura, Windows kuma na ɗaukarsa lokacin gida. Shi ya sa a Yamai, Marwa ko Njamena agogon Windows kan koma baya da awa ɗaya, a Kumasi kuwa babu abin da ke canzawa. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a cikin Ubuntu yana daidaita su.