Hawan manyan tsaunuka: Da wanne sabon shiga zai fara?

A kowace shekara dubban mutane kan je Tanzaniya da niyyar hawa ƙololuwar tsaunin Kilimanjaro, wanda ya fi kowane tsauni a Afirka tsawo, amma da dama daga cikinsu kan juyo ba tare da sun kai ba.

Galibin waɗanda suka juyo ɗin ba ƙarfi ne ya gaza musu ba. Hanyoyin da aka fi bi ba su buƙatar igiya ko wata ƙwarewa, tafiyar ƙafa ce kawai. Abin da ke kayar da su shi ne ƙarancin iska, wanda ba ruwansa da ƙuruciya ko ƙarfin jiki.

Saboda haka ga mai son gwada wannan tafiya karon farko, sunan tsauni da tsawonsa ba su kai wasu tambayoyi biyu muhimmanci ba: kwana nawa za a yi a hanya, kuma a wane tsawo za a riƙa kwana.

Abin da tsawo ke yi wa jiki

Kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa oksijin ne, ko a bakin teku ko a kan tsauni. Sai dai idan aka yi sama nauyin iskar kan ragu, don haka abin da ke shiga huhu a kowane numfashi shi ma raguwa yake yi. A ƙololuwar Kilimanjaro, mita 5,895 sama da teku, mutum na samun kusan rabin abin da zai samu a Legas.

Jiki na iya sabawa, ta hanyar ƙara saurin numfashi da wasu sauye-sauye a cikin jini, amma yana buƙatar kwanaki.

Idan aka yi masa gaggawa, larurar kan fara bayyana daga kimanin mita 2,500, da ciwon kai da tashin zuciya da kasala da rashin barci. Idan ta tsananta ruwa na iya taruwa a huhu, ko kuma ƙwaƙwalwa ta kumbura. Kowane ɗaya daga cikin biyun na iya kisa cikin ƙanƙanin lokaci.

Shawarar da likitocin wannan fanni suka fi bayarwa ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu.

Wannan ya fi shafar wanda ya taso daga ƙasashen Hausa. Birnin Kano bai kai mita 500 ba, Jos kuma kimanin 1,200 ne. Hatta Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni a Najeriya tsawo, mita 2,419 ne. Ke nan mutum zai iya hawan duk wani dutse da ke ƙasar ba tare da ya taɓa sanin yadda jikinsa zai karɓi ƙarancin iska ba.

Kilimanjaro: hanya ce ke raba gardama

Tun bayan da Bajamushe Hans Meyer da abokin tafiyarsa ɗan Austriya Ludwig Purtscheller suka kai ƙololuwar tsaunin a 1889, an buɗe hanyoyi da dama, kuma doka ta hana kowa hawa sai da ɗan jagora mai lasisi.

Hanyar Marangu ce aka fi tallata wa sababbin shiga. Ba ta da gargada sosai, ana kwana a ɗakunan katako maimakon tanti, kuma da yake ana iya gama ta cikin kwana biyar, ta fi araha.

To amma a duba wuraren kwananta: Mandara kimanin mita 2,700, Horombo 3,700, Kibo 4,700. Wato ana ƙara mita 1,000 a kowane dare, ninki biyu na abin da likitoci suka yarda da shi. Daga Kibo kuma da tsakar dare ake tashi a nufi ƙololuwa, cikin sanyin da ke daskarar da ruwan gora. Arahar nan ta kan zama asara. Wanda ya zaɓi Marangu ya kamata aƙalla ya biya kuɗin kwana na shida, wanda ake yi a Horombo.

Hanyoyin Machame da Lemosho sun fi wahalar ƙafa, amma sun fi sauƙi ga huhu. Ana yin ta farko cikin kwana shida ko bakwai, ta biyun bakwai ko takwas. A kan duka biyun akwai ranar da ake hawa har wani dutse da ake kira Lava Tower, kimanin mita 4,600, sannan a gangaro a kwana a Barranco, ƙasa da mita 4,000. Jiki ya ɗanɗana tsawon da rana, ya kuma huta da dare.

'Yan jagorar yankin ba su gajiya da maimaita kalmar Swahili "pole pole", wato sannu sannu. Matasa majiya ƙarfi ne suka fi ƙin jin wannan magana, su ne kuma sau da yawa akan tarar a zaune sun dafe kai a sansani na gaba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne watannin da ba a ruwa sosai, Janairu da Fabrairu, sai kuma daga ƙarshen Yuni zuwa Oktoba.

Duk da haka, mita 5,895 ba wasa ba ne ga wanda bai taɓa wuce tudun Jos ba. Wanda yake da halin tafiya biyu, zai fi masa ya fara da wani tsaunin.

Toubkal da Poon Hill

Toubkal na ƙasar Maroko, mai tsawon mita 4,167, shi ne mafi tsawo a Arewacin Afirka. Ana tashi ne daga ƙauyen Imlil, tafiyar ƙasa da sa'o'i biyu a mota daga Marakesh. Alfadarai na ɗaukar kaya zuwa masauki a kimanin mita 3,200, washegari da asuba a hau ƙololuwa a sauko. Abinci da wurin sallah ba matsala ba ne ga Musulmi.

Tarkon da ke nan shi ne kusanci. Mutum na iya karya kumallo a Marakesh, wadda tsawonta bai wuce na Kano ba, ya kwana a mita 3,200 a wannan ranar. Kwana ɗaya ko biyu a Imlil kafin a tashi na rage haɗarin. Daga ƙarshen shekara zuwa wajen watan Afrilu dusar ƙanƙara kan rufe hanyar, kuma a lokacin ba ta dace da sabon shiga ba. Hukumomi sun wajabta ɗaukar ɗan jagora bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido a yankin a watan Disamban 2018.

A Nepal kuwa, tafiyar Poon Hill daga wajen birnin Pokhara ta fi kowacce sassauci. Kwana huɗu ko biyar ce, ana kwana a masaukan ƙauyuka, kuma iyakar tsawonta mita 3,210. Wahalarta ita ce dubban matakalar dutse a hawan ƙauyen Ulleri. Ladanta shi ne ganin hantsi na faɗawa a kan tsaunukan Annapurna da Dhaulagiri, waɗanda kowanensu ya haura mita 8,000.

Sansanin gindin Everest, mita 5,364, ya fi tsawo nesa ba kusa ba, amma ana kwashe kimanin kwana 12 a tafiya da dawowa, tare da ranakun hutu a Namche Bazaar da Dingboche.

Tsaunin Kamaru da ke Buea shi ne mafi kusa da gida, kuma ya ɗan haura mita 4,000. Sai dai hanyarsa ta kai-tsaye a miƙe take ƙwarai, ana hawan kusan mita 3,000 cikin kwana ɗaya ko biyu. Dutse ne mai aman wuta, wanda ya yi amai a 1999 da 2000, sannan yana cikin yankin masu magana da Ingilishi inda rikici ya rikiɗe zuwa faɗa da makamai a 2017. Dole ne a bincika halin tsaro kafin a shirya.

Kafin a biya kuɗi

Akwai gwajin da bai kamata ɗan Afirka ta Yamma ya tsallake ba, wato na jini. Mai cutar sikila bai kamata ya je irin wannan tsawo ba sam. Masu rukunin AS, waɗanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na 'yan Najeriya, galibi ba su da wata matsala a gida, amma an sha samun waɗanda jini ya toshe musu a saifa a kan tsauni. Alamarsa matsanancin ciwo ne a ɓangaren hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Su da masu ciwon zuciya ko na huhu, da mata masu juna biyu, sai sun ga likita tukuna.

Likita na iya rubuta maganin acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, domin taimaka wa jiki sabawa. Ba ya maye gurbin kwanaki.

Haka kuma ana buƙatar yawan shan ruwa da cin abinci a hanya, don haka ya fi kyau a kauce wa sanya tafiyar cikin watan azumi. Sanyi ma abin shiri ne, domin zafin yanayi na raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000. Takalmin tafiya kuma a fara yawo da shi makonni kafin a tashi, kada ya ci ƙafa a rana ta farko.

Ga kamfanin da za a bi, a nemi jerin wuraren kwana da tsawon kowanne a rubuce. A tambayi ko suna ɗauke da tukunyar oksijin, da yadda suke sauko da mara lafiya, da kuma nawa suke biyan 'yan dako. A duba takardar inshora, domin da yawa ba su biyan komai idan an wuce wani tsawo da suka ƙayyade.

Idan ciwon kai ya kama mutum a hanya, ƙa'ida ita ce kada ya ƙara hawa sai ya warware. Idan kuwa ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko numfashi na yi masa wuya alhali yana zaune, to a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne, kuma ba shi kaɗai ba.