Yadda ake gyaran filin wasan golf a ƙasar rairayi

Jama'a, golf wasa ne na buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami mai faɗin milimita 108. Cikakken fili ramu 18 gare shi. A Turai, ciyawa ce ke kewaye da kowane rami. Kusan kullum ana aske ta, a bar milimita 3 zuwa 4, a yi ban ruwa. Lokaci-lokaci a huda ƙasar don saiwa ta sha iska, sannan a barbaɗa yashi.

To mu nan, ina ruwan da za a yi wannan hidima? Shi ya sa a filin Rio Bravo, kusa da Yamai, yashi ake cuɗawa da mai, a daɓe wurin, a share kafin bugu. Amma a kula, baƙin man mota na lalata ƙasa, yana iya kaiwa ga ruwan rijiya.

Akwai kuma kwarin yashi, tarkon ƙwallo. Wanda ya taka, shi ke bajewa da manjagara. In yashin ya cakuɗe da laka, sai a kwashe a zuba sabo.